Ajiye fendoji a saman jirgin ruwa cikin sauƙi da arha: tambayoyi da amsoshi

Fenda ita ce robar nan mai iska da ake ratayawa a gefen jirgin ruwa don kada jikinsa ya gogu da bangon matsaya ko da wani jirgi. Aikinta yana ƙarewa da zarar an kwance igiya an kama hanya, daga nan sai ta koma kayan da ke neman wurin zama. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu ƙanana da matsakaitan jirage suka fi maimaitawa a kan wannan batu.

Me ya sa ba za a zuba su a loka kawai a huta ba?

Idan lokar, wato akwatin ajiyar kaya da ke jikin jirgi, tana da fili, babu laifi, har ma ta fi kare su daga rana. Matsalar ita ce girma. Fenda mai kaurin santimita 20 da tsawon santimita 60 tana cin wurin da ya kai lita 17, guda shida kuwa sun kai lita 100, kuma tunda zagayayyu ne ba sa jeruwa ba tare da giɓi a tsakaninsu ba, wurin da za su ci a zahiri ya wuce haka. A yawancin jiragen da ba su kai mita 12 ba, loka ɗaya ce babba, kuma igiyoyi da bokiti da kayan gyara suna jiran ta.

Akwai kuma batun jiƙa. Fenda tana dawowa daga aiki da ruwan gishiri da gansakuka da yashi, idan aka rufe ta a haka sai fumfuna da wari su kama duk abin da ke ciki. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne sauri: lokacin da ake buƙatar fenda, wato ana dab da matsaya iska tana tura jirgi, ba lokacin tonon loka ba ne. Ma'ajiya mai kyau ita ce wadda mutum zai zaro fenda daga cikinta da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da shinge, wato sanduna da wayoyi ko bututun ƙarfen da ke kewaye da bakin jirgi.

Guda nawa zan yi wa wuri, kuma wane girma?

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kaurin santimita 2.5 ga kowace mita 1.2 zuwa 1.5 ta tsawon jirgi, idan fendar doguwa ce. Mai siffar ƙwallo tana buƙatar ninkin haka. Wajen yawa kuma, guda ɗaya ga kowace mita 3, amma kada su gaza uku a gefen da zai jingina. Ke nan jirgin mita 10 zai so fendoji masu kaurin santimita 20 ko kusa da haka, uku zuwa huɗu a gefe ɗaya, kuma yawancin masu irin wannan jirgi shida suke ɗauka domin wani lokaci ana buƙatar kare gefe biyu.

Ka auna naka da awo kafin ka yanka ko ka sayi komai, kuma ka auna su suna cike da iska, da rana tsaka. Amsar da ke magana kan fendar da ke maƙalewa ta bayyana dalili.

Ba zan iya barin su a rataye a gefe ina tafiya ba?

Daga wannan matsaya zuwa waccan a cikin tasha, za ka iya. A buɗaɗɗen ruwa kuwa kada ka yi. Taguwar ruwa tana ɗaga fendar ta buga ta da jikin jirgi, yashin da ke manne da ita yana kankare fenti, kowace fizga kuma tana jan sandar shingen da aka ɗaure ta. Ƙullin da ake girgizawa haka yakan saki, fendar ta tafi. Mafi muni shi ne igiyarta ta kwance gefe ɗaya ta bi ruwa zuwa farfela.

A wane sashe na jirgi ya fi dacewa a ajiye su?

A baya, jikin shingen ƙarfen da ke kewaye da wurin matuƙi, ko a tsakiya ta bayan inda jirgin ya fi faɗi. Goshin jirgi yana jan ido saboda fili ne da ba a cika amfani da shi ba, kuma a tafki ko kogi mai kwanciya ba shi da aibi. Amma a ruwan da ke da taguwa, goshi ne ke nutsewa yana tasowa. Fenda mai lita 17 idan ta nutse tana turawa sama da ƙarfin da ya kusa kilo 15, huɗu a jere sun kai kilo 60, ban da bugun ruwan kansa, wanda kowace lita dubu tasa nauyinta ya kai tan guda. Wannan ƙarfi duk a kan sandunan shinge yake sauka, kuma ba don shi aka kafa su ba. Sukan lanƙwashe, ko gindinsu ya fara yoyo.

Duk inda ka zaɓa, ka tsaya ka duba abubuwan da bai kamata a tare ba. Fitilun gefe, ja da kore, kowacce dole a hango ta a faɗin digiri 112.5, farar fitilar baya kuma digiri 135, kamar yadda dokokin kauce wa karo a teku na 1972 suka tsara. Fenda ɗaya a gaban fitila ta isa ta ɓoye jirgi da dare daga wani ɓangare. Haka nan zoben ceto, tsanin hawowa daga ruwa, maɗauran igiyar jirgi, hanyar sarƙar anga, da hanyar da mutum ke bi zuwa gaba. A jirgi mai filafilai, ka ja igiyoyin filafilan ta kowane gefe ka ga ko za su kama fendar. Sannan ka zauna a kujerar matuƙi ka tabbata kana ganin gaba da kusurwoyin baya.

Wurare biyu an hana su gaba ɗaya: kusa da bakin hayaƙin inji ko na na'urar ɗumama ɗaki, don zafi yana narka roba, da cikin akwatin tukunyar gas, inda fenda za ta iya toshe ramin da gas ke tsiyayewa idan ya yi yoyo.

Wace hanya ce ba ta buƙatar sayen komai?

Jingina fendar a tsaye ko a kwance a jikin shinge, ta ciki, a ɗaure ta da igiyarta. Idan mai ido biyu ce, wato tana da rami a kowane ƙarshe, kwantar da ita tsakanin wayar sama da ta ƙasa, ka ɗaure idon farko a sanda ɗaya, ka zura ragowar igiyar ta ido na biyu, ka ja ta da ƙarfi zuwa sanda ta gaba ko wayar ƙasa. Abin da ake nema shi ne kada ta yi lilo. Fendar da aka ɗaure ta gefe ɗaya kawai za ta yi ta kaɗawa har ta faɗa waje ta ƙarƙashin waya.

A jiragen da ke da maƙallan hannu a kan rufin ɗaki, ana iya kwantar da biyu a jikinsu, amma a bar wurin da yatsu za su kama. Maƙallin hannun da fenda ta cike shi ba shi da amfani ga wanda ya zame. Raunin wannan hanya shi ne lokaci: kowace fenda tana cin ƙulli biyu wajen ɗaurewa da biyu wajen kwancewa. Wanda ke tsayawa sau da yawa a yini zai fi jin daɗin bututu ko jakar raga da aka yi bayani a ƙasa.

Wane ƙulli ya dace?

Biyu sun isa. Na farko shi ne ɗaurin giciye: a zagaya sanda sau ɗaya, a haye kan igiyar a sake zagayawa, a cusa bakin a ƙarƙashin zagaye na biyu. Yana da saurin yi, kuma ana iya ɗaga fenda ko sauke ta ba tare da an kwance ba. Idan aka cusa bakin a ninke, ya zama zarge, fizga ɗaya ta kwance shi. Sai dai a kan ƙarfe mai santsi yana sassautawa idan ana jijjiga shi, don haka a ƙara masa rabin ƙulli ɗaya a kan igiyar idan za a yi nisa.

Na biyu shi ne cikakken zagaye biyu a sanda, a bi shi da rabin ƙulli biyu. Wannan ba ya saki, kuma ana iya kwance shi ko da nauyi a kai. Shi ya fi dacewa da ajiya. A ɗaure a gindin sanda ko a kan bututun shinge, ba a tsakiyar waya ba, domin jan da ake yi wa waya a tsakiya yana tanƙwara kawunan sanduna zuwa ciki.

Yaya zan yi da ragowar igiyar da ke reto?

Wannan ita ce tambayar da aka fi rainawa, alhali nan haɗarin yake. Igiyar fenda yawanci mai kaurin milimita 8 zuwa 10 ce, tsawonta mita 1.5 zuwa 2. Daga shingen baya zuwa farfela a ƙaramin jirgi sau da yawa bai kai haka ba. Idan bakinta ya faɗa ruwa, farfela za ta naɗe shi, inji ya mutu, kuma yawanci hakan na faruwa ne lokacin da ake juyawa a ƙuntataccen wuri. A kan dandamali ma, wato saman jirgi inda ake takawa, igiya mai zagaye tana mirginawa a ƙarƙashin tafin ƙafa.

Maganin shi ne a mayar da naɗe ta al'ada. Ninka ta gida-gida kamar tsawon santimita 30, ka naɗe tsakiyar da bakin sau uku, ka cusa ƙarshen a cikin madaukin sama, sannan ka tura dunƙulen cikin bututu ko jaka tare da fendar. Wata hanyar kuma ita ce a naɗe ta a wuyan fendar a rufe da rabin ƙulli. Amma ka bar ɗan tsawon da zai isa ka ɗaure a shinge, saboda fenda ko tana cikin ma'ajiya ya kamata igiyarta ta kasance a ɗaure da jirgi. Ma'ajiya tana hana ta yawo, igiya tana hana ta ɓata.

Yaya ake yin ma'ajiya da bututun PVC?

A nemi bututun magudanar ruwa wanda cikinsa ya fi kaurin fendar da santimita 2 zuwa 4. Fenda mai santimita 12 ko 13 tana shiga bututun milimita 160, mai santimita 15 ko 16 tana son na 200, mai santimita 20 kuma sai na 250. Lambar da ke jikin bututu ta waje ce, don haka a sa awo a ciki. Gutsuren da ya rage a wajen aikin gini ya isa, ba sai an sayi cikakken tsawo ba. A yanka shi da zarto daidai rabi zuwa kashi biyu cikin uku na tsawon fendar: idan ya gaza rabi za ta tuntsure waje, idan ya yi tsawo da yawa babu inda hannu zai kama. A goge bakin sama da sanfefa ciki da waje har ya yi sumul, don kaifin bakin yana yanka roba da yatsa.

Kada a rufe gindin da murfi. A huda ramuka huɗu masu milimita 8, santimita 2 daga ƙasa, kowane biyu suna fuskantar juna, a zura igiya ta milimita 6 ta giciye a ƙulle ta a waje. Fendar za ta zauna a kan giciyen, ruwa ya wuce, iska ta shiga. Bututun da aka toshe gindinsa yana tara ruwan sama, ya yi nauyi, ya zama gidan sauro da gansakuka. Don ɗaurewa, a yanka tsaga biyu-biyu a bayan bututun, wuri ɗaya kusa da sama, ɗaya kusa da ƙasa, tazarar aƙalla santimita 20 a tsakaninsu, kowace tsaga daidai faɗin maɗaurin da za a zura. A fara da huda rami a ƙarshen kowace tsaga kafin a yanka, saboda kusurwa mai kaifi ita ce inda PVC ke fara tsagewa. Kan maɗaurin ya kasance a waje, ba a inda fendar za ta goga ba.

Bututun milimita 250 yana da nauyi. Ana rage shi ta hanyar yanke manyan tagogi a gefuna, ko kuma a yanko zobe biyu kawai masu tsawon santimita 10, a ɗaure ɗaya sama ɗaya ƙasa a kan sanda guda, a yi giciyen igiya a na ƙasa. Aiki ɗaya suke yi da nauyin da bai kai na bututun ba, kuma iska ba ta samun faffadan jikin da za ta tura. A ƙarshe a kankare shi kaɗan a shafa farin fenti mai ruwa na waje, domin PVC ɗin da ba a rufe ba rana tana busar da shi har ya riƙa fashewa idan an buge shi.

Da me zan ɗaure ma'ajiyar a jikin shinge?

A nan ne yawancin aikin hannu ke lalacewa. Bututun shinge yawanci milimita 22 ne ko 25, kuma yana da santsi, don haka duk abin da aka ɗaure yana son ya zame ƙasa ko ya juya. A naɗa guntun robar tsohon tiyub ɗin taya a kan sandar kafin a ɗaure. Robar tana hana zamewa, tana kuma hana karce.

Kilif ɗin tiyo shi ya fi ƙarfi, amma a nemi na ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316, kuma a tabbata har sukurunsa irin wannan ƙarfen ne. Masu arha da yawa ɗamararsu ce kawai marar tsatsa, sukurun kuwa ƙarfe ne na yau da kullum, cikin 'yan makonni a iskar gishiri sai jan ruwa ya fara zuba a kan farin dandamali. A yanke ragowar harshen kilif ɗin ko a rufe shi da guntun tiyo, don yana yaga hannu da tufa. Idan shingen na alminiyam ne, robar nan ta zama dole, saboda ƙarfe marar tsatsa da alminiyam idan suka haɗu cikin ruwan gishiri alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Maɗauran waya na roba ma suna yi, da sharaɗin baƙaƙe ne waɗanda aka yi don rana, masu faɗin milimita 7 ko fiye, biyu a kowane wuri. Fararen ba sa jure rana. Siririyar igiyar foliyesta ta milimita 3, a zagaya ta sau shida zuwa takwas a matse, ita ma tana daɗewa, kuma idan ta fara lalacewa ana gani.

Bokiti ko kwandon roba zai yi?

Zai yi na ɗan lokaci. Bokitin lita 20 bakinsa ya kai santimita 30, yana ɗaukar babbar fenda ɗaya ko ƙanana biyu. A huda gindinsa ramuka da yawa, a cire marikin ƙarfen, a ɗaure shi sama da ƙasa. Robarsa siririya ce, rana za ta cinye ta da wuri, don haka a riƙa matsa bakinsa da hannu lokaci-lokaci, idan ya fara yin fari yana ƙara a canza shi.

Jakar raga fa, yaya ake auna ta?

Ga wanda ke da keken ɗinki ko yake da mai ɗinka masa, wannan ta fi kowace hanya dacewa da fendoji uku ko huɗu a wuri ɗaya. Ba ta da nauyi, ba ta da kaifi, tana lafewa idan babu komai a ciki. A yi amfani da ragar foliyesta mai rufin roba, irin ta rumfa, da zaren foliyesta mai jure rana. Zaren auduga yana ruɓewa tun ragar tana sabuwa.

Ga lissafin fendoji uku masu santimita 20 a jere a tsaye: kewayensu gaba ɗaya santimita 143 ne, wato 80 na miƙaƙƙun gefuna biyu da 63 na lanƙwasar ƙarshe biyu. A ƙara 15 don su shiga su fita ba gardama, a ƙara na ɗinki. Ke nan kowane gefe na jakar zai kai faɗin santimita 80. Zurfinta ya zama kamar 45 idan fendojin masu tsawon 60 ne. A ɗinka ɗamara mai ƙarfi a bakin sama, a sa idanun tagulla ko na ƙarfe marar tsatsa kowane santimita 15 zuwa 20, a ɗaure a bututun shinge. Kusurwoyin ƙasa biyu su ma a ɗaure su, in ba haka ba jakar za ta riƙa kaɗawa tana bugun ƙafar matuƙi. Idan aka ɗinka layi biyu daga sama zuwa ƙasa aka raba ta gida uku, sauran ba za su kife ba idan an zare ɗaya.

Igiyar roba mai talewa ta isa ita kaɗai?

Ta isa ta hana motsi, ba ta isa ta riƙe fenda a gaban taguwa ba, shi ya sa muka ce igiyar fendar ta kasance a ɗaure. A yi amfani da mai kaurin milimita 6 zuwa 8, a yanka ta yadda za ta talu da kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawonta idan an ɗaura. Wadda aka ja har ƙarshen ƙarfinta tana mutuwa da wuri. A guji mai ƙugiyar ƙarfe a baki: idan ta kuɓuce tana dawowa da gudu daidai tsayin fuska, kuma ta sha raunata idanu. Madauki da ɗan ƙwallon roba ko ƙugiyar roba sun fi aminci. Rana tana kashe robar cikin shekara ɗaya zuwa biyu, alamar ita ce rigar waje ta yi gashi-gashi, ko igiyar ta ƙi komawa tsawonta.

Kwandon ƙarfe na kanti ya cancanci kuɗinsa?

Yana da kyan gani, yana daɗewa, kuma mai naɗewa yana lafewa jikin shinge idan babu fenda. Amma aikin da yake yi bai wuce na zoben bututu biyu ba. Wanda zai saya ya duba abu uku: lambar ƙarfen 316 ce, maƙallansa sun dace da kaurin shingensa, faɗin kwandon kuma ya ɗara fendarsa. Kwandon da aka kafa ta wajen shinge yana ba da fili a ciki, sai dai shi ne abu na farko da zai bugi ginshiƙi ko jirgin maƙwabci, don haka a kafa shi inda jikin jirgi ya fara tsukewa ta baya.

Me ya sa fendata ke shiga da safe amma ta maƙale da rana?

Iskar ciki ce ta buɗe. Ana cika irin waɗannan fendoji da iska kaɗan ne, matsin kamar bar 0.15, wato kusan PSI 2 a ma'aunin iskar taya. Idan an cika ta a sanyin digiri 20, rana ta gasa ta zuwa 50, lissafi ya nuna matsin zai kusan ninkawa in da robar ba ta talewa. Tunda tana talewa, kuma zafi yana ƙara mata laushi, sai ta kumbura. Masu duhun launi sun fi yin haka.

A gwada da babban yatsa: fendar da ta cika daidai tana lotsawa kamar santimita ɗaya idan an danna. Wadda ta yi tauri ta cika da yawa, ba ta shanye bugu, kuma tana wahalar da bawul ɗinta. A rage iskar da rana tsaka. Idan har yanzu tana matsewa, ma'ajiyar ce ta yi ƙanƙanta, a koma ga awon da aka bayar a amsar bututu.

Zan iya sace iskar in ninke su?

Masu kaurin roba ba a yi su don haka ba. Ba sa lafewa sosai, ninki yana barin tabo a jikinsu, kuma yawan cusa allurar famfo yana sa bawul yoyo. A yi hakan ga na ajiya kawai, waɗanda ba a taɓawa sai jefi-jefi. Akwai wasu da aka ɗinka da yadi irin na kwale-kwalen roba, masu faffaɗan bawul, su an yi su ne don a sace a naɗe. Suna da tsada, amma babba ɗaya irinsu a loka tana rage yawan waɗanda za a nema wa wuri a sama.

Jirgina ƙarami ne ba shi da shinge, ina zan sa su?

A jikin bangon jirgi ta ciki, ƙarƙashin leɓensa, ko ƙarƙashin bencin zama. Ana kafa ƙananan idanun ƙarfe biyu, tazararsu ta ɗan fi tsawon fendar, a ɗaura igiyar roba a tsakani. A kafa su da kusa mai noti da faffaɗar washa ta baya idan hannu yana kaiwa, a cika ramin da man toshe ruwa na jirgi. Idan bangon mai ɓargo ne, wato akwai katako ko soso tsakanin fatu biyu, ruwan da ya shiga ta ramin da ba a toshe ba zai ruɓar da cikin a hankali. Kafin a huda ko'ina a leƙa bayan wurin don wayar lantarki da tiyon mai.

Fendoji masu faɗi na soso sun dace da irin wannan jirgi, don suna jeruwa kamar littattafai kuma ana iya zama a kansu. Kada dai a lissafa kowace irin fenda cikin kayan ceton rai.

Babbar mai siffar ƙwallo fa?

Ba ta shiga bututu, kuma ido ɗaya gare ta. A rataye ta ta wajen shingen baya, idonta a matse da bututun sama, sannan a zagaya cikinta da igiya ta biyu zuwa sanduna biyu don kada ta yi lilo. Guntun tsohuwar ragar kamun kifi da aka ɗaure kusurwoyinta huɗu ma yana riƙe ta da kyau. A duba fitilar baya da tsani kamar yadda aka faɗa a amsar zaɓen wuri.

Zama a rana kullum ba zai lalata su ba?

Zai rage musu kwana. Rana tana fitar da sinadarin da ke sa robar laushi, sai fatar ta yi danƙo, ta kama datti, ta bar baƙin tabo a duk inda ta jingina. Riga ta yadi tana kare su, amma tana riƙe gishiri da yashi, don haka a riƙa cire ta ana wankewa, kuma a ƙara kaurinta cikin awon ma'ajiya. Wankin fenda ruwan daɗi ne da sabulu da burushi mai laushi. Kada a goge ta da asiton ko tina, sinadaran da ke narkar da fenti: za ta yi fes a ranar, bayan haka danƙon ya dawo fiye da da, saboda sun ƙara tsotse sinadarin. Idan jirgi zai daɗe a ajiye a tudu, a wanke su, a shanya, a kai su inuwa.

Idan za a yi doguwar tafiya ko ana sa ran ruwa zai yi tsanani, a bar su a wurinsu?

A kwashe duk na goshi da na tsakiya tun kafin a fita, a kai su loka ko cikin ɗaki, ko da za su takura. Na baya za su iya zama idan kowacce tana da igiyarta a ɗaure da kuma abin da ya danne ta ta sama, don fendar da ke zaune a buɗaɗɗen bututu ruwa yana ɗaga ta ya fitar. Igiya ɗaya da aka zura ta idanunsu na sama duka aka ɗaure ƙarshenta biyu a shinge ta wadatar. A tabbata kuma babu wadda za ta iya faɗowa ta toshe ramukan da ruwa ke fita daga wurin matuƙi.

A rubuta sunan jirgi a jikin kowacce da alƙalamin da ba ya gogewa. Fendar da ta faɗa ruwa iska ce ke tafiya da ita, kuma da sauri, don haka sandar ƙugiya ta kasance kusa da hannu.

Sau nawa ya kamata a duba ma'ajiyar?

Sau ɗaya a wata, da kuma bayan kowace tafiya mai wahala. A kama ma'ajiyar a girgiza da ƙarfi, idan ta juya a ƙara matse kilif. A duba tsagogin bututu ko sun fara tsawo, a lanƙwasa maɗauran roba a ga ko sun bushe, a ja ɗinkin jaka a kusurwoyi. A bi igiyar kowace fenda da yatsu, musamman inda ta ratsa ido, don nan take fara cinyewa. Sannan a duba gindin sandar da ke ɗauke da nauyin: siririyar tsaga a fenti kewaye da shi, ko ɗigon ruwa a rufin ɗaki daidai ƙarƙashinsa, alama ce cewa nauyin ya yi mata yawa, a raba fendojin a kan sanduna biyu ko a mayar da su bututun shingen baya.